Karkatar Jiki da Riƙon Numfashi a Wajen Ɗaga Nauyi

Duk wanda ya ɗauki lokaci yana ɗaga ƙarfe a ɗakin motsa jiki, ko ba daɗe ko ba jima zai lura cewa gefen jikinsa na dama da na hagu ba sa aiki iri ɗaya, domin madubi ko bidiyon waya zai nuna masa kafaɗa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tudu, ko ƙugunsa yana gocewa gefe guda idan yana tasowa daga tsuguno, ko kuma sandar ƙarfen tana tashi a karkace alhali hannu biyu ne suke tura ta. Wannan rashin daidaito ya daɗe da zama abin muhawara tsakanin masu horar da 'yan wasa da likitocin gashin ƙashi, inda wasu suke ɗaukarsa a matsayin lahani da ya wajaba a gyara kafin a aza wa jiki nauyi, wasu kuma suke ganinsa a matsayin halittar ɗan Adam wadda ba ta buƙatar magani. A shekarun baya-bayan nan muhawarar ta ƙara faɗi saboda an shigo da numfashi cikinta, har aka samu masu koyar da cewa yadda mutum yake shaƙar iska shi ne yake karkatar masa da ƙashin ƙugu da haƙarƙari, kuma sai an gyara numfashin tsayuwa za ta gyaru. Iƙirarin yana da tushe na gaskiya a ilimin ƙirar jiki, sai dai abin da aka gina a kansa ya fi abin da bincike ya tabbatar yawa, kuma rarrabe tsakanin biyun shi ne abin da mai ɗaga nauyi ya fi buƙata.

Abin da babu jayayya a kansa shi ne cewa kayan cikin mutum ba a raba su daidai wa daida tsakanin dama da hagu ba. Hanta, wadda nauyinta yakan kai kimanin kilo ɗaya da rabi a jikin baligi, tana zaune a dama ƙarƙashin haƙarƙari, zuciya kuma ta karkata hagu, shi ya sa huhun dama yake da sassa 3 na hagu kuma 2, domin ya ragar wa zuciya wuri. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata tsoka siririya mai faɗi, mai siffar kubba, wadda likitoci suke kira dayafiram, wato shamakin numfashi, kuma ita ce babbar tsokar shaƙar iska: idan ta takure sai ta sauka ƙasa, ƙirji ya ƙara girma, iska ta kwarara cikin huhu, idan ta saki kuma ta koma sama iskar ta fita. Wannan shamaki ma bai tsira daga bambancin ba, domin a jikin yawancin mutane kubbarsa ta dama ta fi ta hagu tudu, kuma saiwarsa ta dama, wadda ta kama ƙashin baya ta ciki, ta fi ta hagu kauri da tsawo, tana kaiwa gaɓa ta uku ta ƙashin kwankwaso alhali ta hagu takan tsaya a ta biyu.

Har ƙashin baya, wanda ake zaton a miƙe yake ɗoɗar idan an dube shi ta baya, yana ɗauke da alamar wannan tsari. Masu bincike a birnin Utrecht na ƙasar Holan sun nuna a 2006, ta hanyar hoton cikin jiki, cewa gaɓoɓin tsakiyar gadon bayan mutane masu lafiya, waɗanda ba su da wata karkata da ido zai gani, suna da 'yar murɗewa kaɗan zuwa dama. Shekara guda bayan haka suka duba waɗanda aka haifa da kayan ciki a juye, zuciya a dama hanta a hagu, abin da yake faruwa ga kimanin mutum 1 cikin 10,000, sai suka tarar murɗewar tasu ta juya zuwa hagu. Wannan sakamako yana da daraja, domin ya nuna cewa wani kaso na karkatar jiki yana bin tsarin kayan ciki ne, ba zaman banza a kan kujera ko ɗabi'ar tsayuwa ce ta haifar da shi ba, kuma babu atisayen da zai mayar da hanta tsakiyar ciki.

A kan wannan bambanci na halitta ne rayuwa take ƙara nata. Kimanin mutum 9 cikin 10 sun fi amfani da hannun dama, kuma ƙashi da tsoka duk suna amsa aikin da aka saba ba su. Wani bincike da aka buga a 1977 kan ƙwararrun 'yan wasan tanis ya gano cewa ɓawon ƙashin da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannun da suke buga ƙwallo da shi ya fi na ɗayan kauri da kimanin kashi 35 cikin 100 a maza, da kimanin kashi 28 a mata. Ɗan dambe ma, wanda ya shekara da shekaru yana naushi da hannu ɗaya da aka naɗe yana kariya da ɗayan, ƙafa ɗaya kullum a gaba, ba za a yi tsammanin kafaɗunsa su zama tagwaye ba, haka nan ɗan dako da ya saba saɓa buhu a kafaɗa guda da uwar da take riƙe ɗa a ƙugu ɗaya. A irin waɗannan jikkuna bambancin ƙwarewa ce da jiki ya gina don aikin da ke gabansa, kuma kiransa cuta tun kafin ya yi ciwo kuskure ne.

Inda numfashi ya shigo batun ɗaga nauyi kuwa shi ne cewa shamakin numfashi yana da aiki na biyu ban da shaƙar iska, wato tallafa wa ƙashin baya. Ana iya ɗaukar cikin mutum a matsayin rufaffen wuri wanda shamakin ya yi masa rufi, tsokokin ƙasan mara suka yi masa daɓe, tsokokin ciki da na kwankwaso kuma suka kewaye shi. Idan rufin ya danno ƙasa alhali bango da daɓe sun ƙi bayarwa, sai matsi ya taru a ciki, kuma wannan matsi ne yake sa gangar jiki ta sandare. Robar ruwa da aka ɗaure murfinta tana iya ɗaukar nauyin da ya ninka nata sau da yawa ba ta lotse ba, amma da an kwance murfin hannu ɗaya ya isa ya matse ta. Tun a shekarun 1950 da 1960 masu bincike suka fara auna wannan matsi a jikin masu ɗaga kaya, sannan a 1997 Paul Hodges da abokan aikinsa a Ostiraliya suka nuna cewa idan mutum ya ɗaga hannu da sauri, shamakin yana takurewa tun kafin tsokar kafaɗa ta fara aiki, ko yana cikin shaƙa ne ko yana cikin fitarwa. Ma'anar haka ita ce ƙwaƙwalwa tana shirya gangar jiki kafin gaɓa ta motsa, ba tare da mutum ya sani ba. A wani binciken na 2001 sun ƙara nuna cewa idan buƙatar iska ta ƙaru, jiki yakan fifita numfashi ya rage aikin tallafin, kuma wannan ya dace da abin da masu horarwa suka daɗe suna gani, cewa bayan mutum yakan fara tanƙwarewa ne a ƙarshen zagaye, lokacin da haki ya kama shi.

Yadda gogaggen mai ɗaga nauyi yake amfani da wannan tsari abu ne da ake iya gani da ido. Yakan tsaya da sandar ƙarfe a bisa kafaɗunsa, tafin ƙafafunsa sun kama ƙasa, ya ja iska mai yawa amma ba har ta cika masa ƙirji ta ɗage kafaɗunsa ba, ya tura ta ƙasa har ciki da kwiɓi da bayan ƙugu su kumbura tare, sannan ya rufe maƙogwaro ya ɗaure tsokokin ciki kamar mai jiran naushi. A haka zai sauka, a haka zai taso, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa, kuma ba zai saki iskar ba sai ya wuce wurin da ya fi wuya a tasowar, inda sau da yawa take fita da nishi ko 'yar ƙara ta tsakanin haƙora. Yunƙurin fitar da iska alhali hanyar fitarta a rufe take shi ake kira dabarar Valsalva, da sunan Antonio Maria Valsalva, masanin ƙirar jiki ɗan Italiya wanda ya bayyana irinta a littafinsa kan kunne a 1704, ko da yake shi kunne ne damuwarsa ba ƙarfe ba. Bincike ya nuna cewa idan nauyi ya haura kimanin kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya, ɗan gajeren riƙon numfashi yakan zo da kansa ko an koyar ko ba a koyar ba, saboda haka tsohuwar shawarar da ake ba kowa, cewa kada a taɓa riƙe numfashi, ta dace da nauyi mara yawa ne kawai.

Sai dai wannan dabara tana da farashi, kuma jini ne yake biya. A 1985 Duncan MacDougall da abokansa a Jami'ar McMaster ta Kanada sun sa bututun awo a cikin jijiyar jinin hannun wasu masu gina jiki su 5, suka auna matsin jininsu suna tsakiyar atisaye, sai suka samu matsakaicin ƙololuwar awon ya kai 320 bisa 250 a lokacin tura nauyi da ƙafafu biyu, a jikin mutum ɗaya ma ya haura 480 bisa 350, alhali awon mai lafiya a zaune bai wuce wajen 120 bisa 80 ba. Hauhawar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, kuma jikin matashi mai lafiya yana jure ta, amma da zarar an saki numfashin jinin yakan faɗi nan take, wanda shi ne dalilin jiri ko sumar da ake gani wani lokaci bayan mutum ya ajiye ƙarfe mai nauyi. Ga mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko mai ciwon zuciya, ko wanda aka ce masa wata jijiyar jini ta kumbura, ko mai ciwon ido na hauhawar matsi, ko mai ƙaba, ko wanda bai daɗe da tiyata ba, lissafin ya sha bamban, kuma abin da ya dace da shi shi ne nauyi matsakaici, da fitar da iska a lokacin yunƙuri, da shawarar likita tun kafin ya fara. Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a wuraren da mutane da yawa suke yawo da hawan jini ba su taɓa gwadawa ba.

An daɗe ana jayayya kan ko shafe ciki ya fi, wato janyo cibiya zuwa baya, ko kuwa ɗaure shi ta kowane gefe. Koyarwar shafe ciki ta samo asali ne daga binciken Hodges da Carolyn Richardson na 1996, wanda ya nuna cewa tsokar ciki mafi zurfi takan makara wajen takurewa a jikin masu ciwon baya, kuma daga ɗakin jinya koyarwar ta tsallaka zuwa ɗakin ɗaga ƙarfe inda ba muhallinta ba ne. Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya nuna da abokin aikinsa a 2007 cewa ɗaure ciki gaba ɗaya ya fi shafe shi ba ƙashin baya tsayuwa, kuma a ƙarƙashin nauyi mai yawa kusan babu mai musun haka yanzu. Bel ɗin fata mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu ma amfaninsa daga nan yake, domin yana ba ciki abin da zai tokara, matsin ya ƙaru, mutum ya ji ya fi tsayuwa. Amma ba a tabbatar yana hana rauni ba: hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta bayyana a 1994 cewa babu isasshiyar hujjar da za ta sa a wajabta bel ga masu ɗaukar kaya, kuma wani babban bincike kan dubban ma'aikatan kantunan Walmart da aka buga a 2000 bai samu raguwar ciwon baya a tsakanin masu ɗaura shi ba.

Daga waɗannan hujjoji biyu, wato karkatar kayan ciki da aikin shamakin numfashi wajen riƙe jiki, wasu makarantu suka haɗa cikakkiyar nazariyya. Wadda ta fi shahara ita ce ta Postural Restoration Institute, cibiyar da likitan gashin ƙashi Ron Hruska ya kafa a birnin Lincoln na jihar Nebraska a Amurka, wadda take koyar da cewa tun da gefen dama na shamakin ya fi ƙarfi kuma hanta tana tallafe da shi, yawancin mutane sukan faɗa cikin salo guda: nauyin jiki ya koma kan ƙafar dama, rabin ƙashin ƙugu na hagu ya zube gaba, haƙarƙarin hagu na ƙasa ya buɗe waje, kafaɗar dama kuma ta sauka. A birnin Prag na Jamhuriyar Cek, Pavel Kolář, wanda ya gaji koyarwar Vladimir Janda da Karel Lewit, ya bi wata hanya daban da ta dogara da yadda jariri yake koyon riƙe gangar jikinsa a watannin farko, amma shi ma shamakin numfashi ya sa a tsakiya, kuma a 2012 ya buga binciken da ya nuna cewa a jikin masu daɗaɗɗen ciwon baya shamakin yakan zauna sama kuma motsinsa ya ragu idan suna aiki da hannu ko ƙafa.

Atisayen da aka fi sanin makarantar Nebraska da shi yana nuna tunaninta ƙarara. Mutum zai kwanta rigingine, tafin ƙafafunsa a jikin bango, gwiwa da ƙugu duk a lanƙwashe, 'yar ƙwallo a matse tsakanin gwiwoyi, ya ɗan ɗaga ƙarshen ƙashin bayansa daga ƙasa ta hanyar jan diddige, ya miƙa hannun dama sama da kai, ya riƙe balan-balan da hannun hagu. Daga nan zai shaƙi iska ta hanci, ya hura ta a hankali cikin balan-balan ɗin har haƙarƙarinsa ya sauka, ya dakata kamar daƙiƙa 3 harshe a manne da ganɗa, sannan ya sake shaƙa ba tare da ya bar iskar balan-balan ɗin ta dawo ba. Manufar ita ce a tilasta wa tsokokin ciki su janyo haƙarƙari ƙasa, domin shamakin ya koma siffarsa ta kubba ya jingina da bangon ƙirji ta ciki. Mutane da yawa sukan tashi daga wannan atisaye su ji ƙugu ya saki ko kafaɗa ta ƙara juyawa, kuma babu dalilin ƙaryata su, domin fitar da iska a hankali tana kwantar da jiki tana kuma rage ɗaurewar tsoka. Abin da bai tabbata ba shi ne cewa an mayar da wani ƙashi mazauninsa, ko cewa canjin zai daɗe, ko cewa zai hana rauni a ƙarƙashin kilo 150. Yawancin abin da aka buga don goyon bayan wannan hanya rahotanni ne kan majinyata ɗaiɗaiku da ƙananan gwaje-gwaje na ɗan lokaci, kuma binciken Prag ɗin ma bai iya cewa shamakin ne ya kawo ciwon ba, tun da ciwon baya kansa yana iya sauya yadda mutum yake numfashi.

Akwai kuma matsalar awo, wadda ita ce ta fi raunana duk wata nazariyya da ta dogara da taɓa ƙashi ta saman fata. Mai duba tsayuwa yakan ɗora yatsunsa a kan tsinin ƙashin ƙugu na gaba da na baya, ya kwatanta tudunsu, ya yanke hukunci cewa ƙugun ya zube gaba ko ya murɗe. A 2008 Stephen Preece da abokansa a Ingila sun auna ƙasusuwan ƙugu 30 na gawarwaki, kowanne an ajiye shi a mazauni guda, sai suka tarar kusurwar da ke tsakanin waɗannan tsinaye biyu ta bambanta daga digiri 0 har zuwa 23 tsakanin mutum da mutum, kuma a ƙugu guda bambancin dama da hagu ya kai har digiri 11. Wato abin da yatsa yake karantawa a matsayin murɗewa yana iya zama siffar ƙashin ce kawai tun asali. A 2011 kuma Lee Herrington ya auna mutane 120 da ba su da ciwon komai, ya samu kashi 85 cikin 100 na maza da kashi 75 na mata suna da ƙugun da ya zube gaba, abin da ake yawan sayar wa mutane maganinsa a intanet. Tsawon ƙafafu ma haka yake: bitar da Gary Knutson ya buga a 2005 ta nuna kimanin mutum 9 cikin 10 ƙafafunsu ba tsawo ɗaya ba ne, matsakaicin bambancin wajen milimita 5, kuma ga yawancin mutane ba ya zama matsala sai ya kai kimanin milimita 20. Siffar da aka samu a jikin kusan duk masu lafiya ba za ta iya zama bayanin da ya wadatar kan abin da ya sa wasu ƙalilan suke ciwo ba.

Manyan 'yan wasa ma sun ba da misalai masu wuyar kawarwa. Usain Bolt na Jamaika, wanda ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, yana da karkataccen ƙashin baya, kuma ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu gajarta da kimanin rabin inci. Masu bincike a Jami'ar Southern Methodist da ke Dallas sun ƙiyasta a 2017 cewa ƙafar daman tana dukan ƙasa da ƙarfin da ya fi na hagu da kimanin kashi 13 cikin 100, ta hagun kuma tana daɗewa a ƙasa da kimanin kashi 14. Lamar Gant na Amurka, wanda karkatar bayansa ta fi ta Bolt tsanani nesa ba kusa ba, ya ciro kilo 300 daga ƙasa a 1985 alhali nauyin jikinsa bai wuce kilo 60 ba, ya zama mutum na farko da ya ɗaga ninki biyar na nauyinsa a wannan salon. Adalci ya sa a ce zakaru biyu ba hujja ba ce cewa karkata ba ta taɓa cutarwa, domin waɗanda ta hana ci gaba ba a jin labarinsu, amma sun isa su rushe da'awar cewa jiki ba ya ɗaukar nauyi sai ya daidaita.

Da wannan duka, akwai wuraren da bambancin dama da hagu yake da ma'ana sosai, kuma mafi bayyana shi ne bayan rauni. Wanda aka yi wa tiyatar jijiyar da take riƙe gwiwa ta ciki, wadda 'yan ƙwallon ƙafa suke yawan tsinkawa, cinyarsa takan rame ƙarfinta ya ragu, kuma likitoci da yawa ba sa barinsa ya koma fili sai ƙarfin ƙafar ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Binciken haɗin gwiwa tsakanin Norway da Amurka da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda ƙarfin cinyoyinsu ya fi kusa da juna kafin su koma sun fi tsira daga sake jin rauni. A nan bambancin sabo ne, an san sanadinsa, kuma ana iya auna shi da na'ura. Wuri na biyu shi ne bambancin da mai ɗaga nauyi yake jawo wa kansa da salon riƙo, kamar a wajen ciro ƙarfe daga ƙasa inda ake kife tafin hannu ɗaya a buɗe ɗayan don kada sandar ta suɓuce: hannun da tafinsa yake kallon gaba shi ne jijiyar ƙwanjinsa take cikin haɗarin tsinkewa, musamman idan aka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu ana ja, kuma sandar takan ɗan murɗa jiki zuwa gefe. Maganin wannan ba ya buƙatar nazariyya, domin ana iya sauya hannun daga zagaye zuwa zagaye, ko a naɗe babban yatsa ƙarƙashin sauran yatsu kamar yadda 'yan gasar Olamfik suke yi, ko a yi amfani da maɗauri.

Ga wanda gocewar ƙugunsa a tsuguno take damunsa, abin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne abu mafi sauƙi, wato ko idon sawu ɗaya ya fi ɗayan tauri saboda tsohon targaɗe, ko ƙafa ɗaya ta fi ƙarfi, ko nauyin ne ya wuce iyawarsa, tun da gocewar da take bayyana a kilo 120 ta ɓace a kilo 80 tana magana ne kan ƙarfi. Ramin da kan ƙashin cinya yake zama a cikinsa ya bambanta a zurfi da fuskanta tsakanin mutane, wani lokaci ma tsakanin ƙugu biyu na mutum guda, saboda haka wanda ya fi jin daɗin tsuguno idan yatsun ƙafa ɗaya sun ɗan fi buɗewa waje yana iya kasancewa yana bin ƙashinsa ne, kuma tilasta masa ya daidaita su don madubi na iya jawo masa tsukewar da ba shi da ita a da. Atisayen gaɓa ɗaya, kamar tsuguno da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, ko hawa benci da ƙafa guda, ko tafiya da nauyi a hannu ɗaya, yana rage tazarar ƙarfi idan aka fara da gefen da ya fi rauni kuma aka tsayar da gefe mai ƙarfi a adadin da raunannen ya iya. Akwai ma wani abin mamaki da aka sani tun 1894, lokacin da Edward Scripture da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka ba da rahotonsa, cewa horar da hannu ɗaya yana ƙara wa ɗayan da ba a horar ba ƙarfi, saboda wani kaso na ƙarfi a ƙwaƙwalwa da laka ake koyonsa. Binciken zamani ya sa wannan ƙari a wajen kashi 10 cikin 100, kuma shi ya sa ake ƙarfafa wanda aka ɗaure wa hannu ɗaya ya ci gaba da horar da ɗayan.

Ya kamata kuma a auna duk wannan damuwa da girman haɗarin da ake gudu. Bitar da masu bincike a Suwidin suka buga a 2017 ta nuna cewa a wasan ɗaga nauyi irin na Olamfik ana samun rauni 2.4 zuwa 3.3 a kowace awa 1,000 ta horo, a ɗayan wasan kuma, mai salo uku na tsuguno da turawa a kwance da cirowa daga ƙasa, 1.0 zuwa 4.4, adadin da bai wuce na sauran wasannin da ba a karo a cikinsu ba kuma yana ƙasa da na wasannin karo, alhali masu yin sa kusan duk hantarsu tana dama. Tsoratar da mai koyo cewa ƙugunsa ya goce ko bayansa ya murɗe yana da nasa lahanin, domin an san tsoron motsi yana daga cikin abubuwan da suke sa ciwon baya ya daɗe, kuma wanda ya yi wata shida yana hura balan-balan yana jiran ya daidaita kafin ya taɓa ƙarfe ya yi asarar ƙarfin da zai fi kare shi. Karkatar da ta cancanci a ajiye ƙarfe a nemi likita tana da alamominta: wadda ta bayyana kwatsam ko take ƙaruwa, wadda take tafe da ciwon da yake sauka ƙafa ko hannu, ko mutuwar gaɓa, ko raunin da yake sa ƙafa ta riƙa jan ƙasa, ko ramewar tsoka a gefe ɗaya ba tare da dalili ba, sannan a jikin yaro ko yarinya mai tasowa, tudun da yake fitowa a gefe ɗaya na gadon baya idan an sunkuya, wanda ake tabbatarwa da hoton ƙashi kuma ake lissafa shi karkatar ƙashin baya idan kusurwarsa ta kai digiri 10. Idan ciwon baya ya zo tare da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, asibiti ake zuwa a ranar.